Hancin Munzali

Hadiyya ta yi watanni a Kuala Lumpur kafin ta san ainihin aikin mijinta. A Kano abin da kowa ya sani shi ne Munzali yana aiki a wani kamfanin shigo da kayan abinci. Ba ƙarya aka yi ba, maganar ce ba a ƙarasa ba. Kamfanin na wata dattijuwa ne 'yar Malesiya, 'yar asalin Sin, ana ce mata Madam Lau, kuma abin da take shigowa da shi giyar inabi ce.

Munzali ɗan mai turare ne. A rumfar mahaifinsa a kasuwar Kurmi ya yi wayo, cikin sandal da hawi da jawul da almiski. Tun yana ƙarami ake rufe masa ido a miƙa masa kwalba, ya faɗi abin da aka haɗa a ciki. Karatun kimiyyar abinci ne ya kawo shi Malesiya. Yana tsakiyar digiri na biyu tallafin ya yanke, ya shiga ɗaukar kwalaye a siton Madam Lau don ya samu na haya. Ita ce ta lura da hancinsa, ta zaunar da shi ta koya masa sana'ar, ta kuma nema masa takardar zama da sunan kamfaninta.

Ranar da ya gaya wa Hadiyya, suna zaune a ɗan falonsu can saman wani dogon bene a unguwar Cheras, ruwan sama yana dukan taga.

"Ba na sha," in ji shi. "Wallahi ban taɓa haɗiyewa ba. Shinshinawa nake yi, in kurɓa, in juya a baki, in tofar. Sai in faɗi abin da na ji, ita kuma ta san wadda za ta saya da wadda za ta bari."

"Ai duk ɗaya ne," ta ce. "Mai ɗauka da mai zubawa da mai sayarwa, babu wanda aka ware."

"Na sani."

"To?"

"Ki ba ni lokaci. Da mun ɗan tsaya da ƙafafunmu zan bari."

Ta kafa masa sharuɗɗa, ya karɓa. Kwalba ba za ta shigo gidan ba. In ya dawo, banɗaki zai fara wucewa ya sake riga kafin ya taɓa kwanon abinci. Ita kuma ta ɗauki addu'a ɗaya ta riƙe bayan kowace salla: Allah ya raba shi da wannan aiki. Aka haifi Afnan, ta yi rarrafe, ta fara tafiya, ta fara amsa wa uwarta da Turanci, aikin yana nan. Idan matan 'yan Najeriya suka haɗu a unguwar Pantai Dalam, gidan Husainatu matar wani malamin jami'a, aka tambayi Hadiyya inda mai gidanta yake aiki, sai ta ce kamfanin abinci, ta tashi ta taya a kicin.

Abin da ta kasa ƙi a wurinsa shi ne hancin kansa. Tun daga matakala yake sanin ta sa daddawa a miya ko ba ta sa ba. Shi yake haɗa mata humra da hannunsa. In Afnan za ta yi zazzaɓi, shi yake fara ji a wuyanta kafin jikin ya yi zafi.

Da korona ta zo aka kafa dokar kulle, gidajen abinci da otal-otal suka rufe, Hadiyya ta zaci ƙarshen aikin ke nan. Ba haka aka yi ba. Madam Lau ta koma sayar wa mutane a gidajensu. Masu babur suna kai kwalabe ƙofa-ƙofa, ranar Asabar da yamma kuma masu sayen su haɗu ta bidiyo, kowa da kofinsa a gabansa, Munzali yana yi musu bayani daga sito. Aiki ma ƙaruwa ya yi.

A shekara ta biyu cutar ta shigo musu gida. Ita ta fara kamawa, sannan shi. Aka ɗaura musu ɗan zoben roba ruwan hoda a wuyan hannu, alamar killacewa, aka ce kada su taka waje. Husainatu ce take aiko musu da abinci a ajiye a bakin ƙofa. Hadiyya ta warke garau. Munzali ma zazzaɓin ya sauka, tarin ya tafi. Ranar da aka cire musu zoben ta share gidan tas, ta kunna turaren wuta. Ya fito daga wanka ya tsaya tsakiyar hayaƙin, yana kallon kaskon.

"Wanne kika sa?"

Ta yi dariya. "Kai ne kake tambaya ta?"

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya kai fuskarsa bakin kaskon har idanunsa suka kawo ruwa. Ya tashi ya shiga kicin, ta ji yana buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, na kanumfari, na citta, na daddawa. Ya dawo ya ɗauki Afnan ya nutsa hancinsa a gashinta. Yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya, ta zaci wasa ne.

Likita ya ce ta waya yawancin mutane jin ƙamshin yana dawo musu, a yi haƙuri. Suka yi haƙuri. Ya ce wa Madam Lau jikinsa bai gama ƙwari ba, ta ce ya huta. Wata rana Hadiyya ta sauka ƙasa sayen ƙwai a shagon kusurwa, ta bar shinkafa a wuta da shi zaune a bakin kicin. Ta dawo ta tarar da ƙauri har cikin lif ɗin benen. Yana nan zaune inda ta bar shi, yana duba waya.

Sai ga mai babur da kwali daga Madam Lau. Kwalba biyu ne a ciki, iri ɗaya, baƙaƙe masu nauyi. Madam Lau ta kira ta ce ba sai ya zo sito ba, ya yi taron Asabar daga gida. Kwalbar da aka ɗaura wa zare samfuri ce da ta zo ta jirgin sama, ɗayar kuma daga kwantenar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ce. Ya ce to, ya ajiye wayar.

Hadiyya ta san wannan giya da suna, don ita kaɗai ce ya taɓa yi mata labarinta ba tare da ta tambaya ba. Daga gona ɗaya tak take fitowa, a gaɓar teku can ƙarshen Afirka ta Kudu. Shi ne ya fara shinshinar ta shekarun baya ya ce wa Madam Lau ta saya, kuma tun daga nan kowace sabuwar shekara shi yake fara buɗe ta.

"A fitar da su," in ji Hadiyya.

"Maman Afnan, ina zan kai su? Ko'ina a rufe yake."

Ta dube shi, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ce ya ajiye a baranda bayan bokitin shara.

Ranar Alhamis bayan azahar, Afnan tana barci, ta fito ta same shi a baranda. Ya buɗe mai zaren, ya zuba a kofin gilashi mai dogon wuya. Yana juya kofin, ya kai hanci, ya ja numfashi da ƙarfi, ya sake juyawa. Ya kurɓa ya riƙe a baki ya daɗe. Tana jira ya tofar a bokitin da ke gabansa, sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Innalillahi! Abban Afnan, haɗiyewa ka yi?"

Ya juyo. Bai ko yi ƙoƙarin musu ba. "Na ce ko ta ciki zan ji wani abu," ya ce. "Bauri kawai, da zafi a ƙirji. Kamar na tauna ɗanyar kanya." Ya sake ɗaga kofin.

Ba ta san lokacin da ta fisge shi daga hannunsa ba. Giyar ta ɗan fantsamar mata a hannun riga, ja mai duhu kamar jinin yanka. Suka tsaya suna kallon juna.

"Ki shinshina min," ya ce a hankali. "Ba na ce ki sha ba. Ki shinshina kawai ki gaya min. Kowace shekara daban take fitowa, ba zan iya faɗin ta bara ba, za su gane."

Ta so ta zubar. Hannunta har ya karkata wajen bokitin. Abin da ya tsayar da ita shi ne sanin cewa in ta zubar zai sake zubawa, kuma zai sake haɗiyewa. Ta yi istigfari a zuci, ta kai kofin kusa da fuskarta.

"Wari ne kawai," ta ce. "Warin giya."

"Wannan na farko ne, zai wuce. Juya kofin. Haka. Ki rufe ido, kada ki ja da ƙarfi. Me ya tuna miki?"

Ta rufe ido. "Zoɓo," ta ce. "Zoɓo mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba. Da ɗinya, irin wadda ta nuna sosai ta yi baƙi."

"Sai me?"

"Masoro. Akwai masoro a ƙasansa. Da wani abu kamar hayaƙin itace, ba mai yawa ba."

"Gangar ce. A gangar katako take kwana fiye da shekara, kuma suna babbaka cikin gangar da wuta kafin su zuba." Ya matso, muryarsa ta dawo irin ta da. Ya ce gonar a kan gangare take, tana fuskantar teku, ƙasarta duk tsakuwa ce, kurangar inabin sai ta yi nisa da saiwa kafin ta sami ruwa. Kullum da rana iska mai sanyi tana tasowa daga teku ta hana 'ya'yan saurin nuna, sai su fito ƙanana masu kaurin fata, kuma a fatar launin yake, da baurin, da ƙarfin. Da hannu ake tsinka da sassafe. A murƙushe su a bar su da fatarsu a buɗaɗɗiyar kwatarniya suna tsima, ana danna fatar ƙasa da sanda in ta taso. Ba a haɗa su da inabin kowace gona, ko ta maƙwabci. In shekara ta yi kyau a ji a kofi, in ta yi muni ma a ji.

"Sake shinshinawa yanzu. Ya kamata ta buɗe."

Ta sake. Wannan karon abin ya wuce zoɓo. Ta ji ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, ta ji fatar sabuwar jaka daga wurin dukawa, can ƙarshe kuma wani ɗan gishiri-gishiri kamar na iskar bakin ruwa. Ta faɗa masa duka. Ya jingina da bango ya rufe ido, leɓensa yana maimaita kalmominta.

"Gishirin yana nan ke nan," ya ce. "Bara ya ɓuya. Ashe ya dawo." Hawaye suka gangaro masa, bai share ba.

Hadiyya ta ajiye kofin ta shiga banɗaki ta wanke hannun rigar, ta wanke fuskarta, ta sake alwala. Abu biyu suka hana ta sukuni. Na farko, ƙamshin ya yi mata daɗi, kuma ta san ya yi. Na biyu, shekaru take roƙon a raba shi da aikin, ba ta taɓa tunanin ta wace ƙofa rabuwar za ta shigo ba. Da ta sallame la'asar ta ɗaga hannu, ta rasa abin da za ta roƙa. In ta ce hancin ya dawo, ta san inda zai koma da shi. In ta ce kada ya dawo, ga shi can a baranda tana jin shessheƙarsa. Ta shafa hannun haka nan ta tashi.

Ranar Asabar ya sa farar riga ya zauna a gaban kwamfuta a falo. Ta zauna gefe inda kyamara ba ta kaiwa, Afnan a cinyarta. Fuskoki suka cika allon, kowa da kofinsa. Munzali ya yi magana da Turanci kamar ba abin da ya same shi. Ta ji zoɓonta da masoronta da gishirinta suna fita da wasu sunaye. Madam Lau tana ta gyaɗa kai.

Sai wani mai tabarau ya ɗaga hannu. Ya ce a yi masa afuwa, amma tasa ba haka take ba, kamar an dafa ta. Wata mata ta ce ita ma. Madam Lau ta daina murmushi. Ta ce masu saye duk daga kwantena aka aika musu, kuma kwantenar ta daɗe a tashar jirgi cikin rana saboda kulle.

"Munzali, buɗe ta biyun. Gaya mana."

Ya buɗe. Ya zuba. Tun kafin ya ɗaga kofin warin ya iso wa Hadiyya, kamar zoɓon da aka tafasa har ya kama tukunya aka bar shi ya kwana. Ta miƙa ƙafa ta taɓa tasa a ƙarƙashin tebur, ta girgiza masa kai. Idonsa yana kan allon. Ya juya kofin, ya shinshina, ya yi ɗan jim kamar mai nazari.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Iri ɗaya ce da ta farko. A ba ta lokaci ta sha iska."

Madam Lau ta ɗauki nata kofin ta kai hanci, ta ajiye, ta dube shi ta cikin allon. Daga nan ta ba mutane haƙuri, ta ce za a karɓi kwalaben a sake musu, ta rufe taron.

Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta kira, tambaya ɗaya ta yi: tun yaushe? Ya gaya mata. Ta ce da ya faɗa tun farko. Ta ce za ta riƙe masa gurbinsa iya ƙarfinta, ya nemi lemon tsami da kanumfari da fure da man zafi ya riƙa shinshinawa safe da yamma, ta ji an ce yana taimakawa.

Ya yi. Hadiyya ce take jera masa su a faranti. Bayan watanni, wata safiya tana soya albasa, ta ji ya fito a guje ya nufi banɗaki yana kakari. Hancin ya dawo, amma a karkace. Albasa tana yi masa warin mushe. Nama, ƙwai, man gyaɗa, shayi, man goge baki, duk sun koma ƙonanniyar taya da ruwan kwata. Ta koma yin girki a gidan maƙwabciya ta ci a can, shi kuma ta kawo masa farar shinkafa mai sanyi, ita kaɗai cikinsa yake karɓa. Wata rana ta zauna kusa da shi, ta ga ya kau da kai yana numfashi ta baki.

"Ni ma?" ta ce.

"Humrar ce. Ba ke ba ce."

Ta daina shafawa. Ta sake sabulu. Duk da haka da ta matso sai ta ga kafaɗunsa sun ɗaga. Ya koma kwana a falo, taga a buɗe. Afnan in ta rugo da gudu sai ya tare ta da hannu daga nesa ya shafa kanta, yarinyar ta tsaya tana kallonsa.

Lokacin sabunta takardar zama ya zo, Madam Lau ta zo da kanta har ƙasan bene, da takunkumi a fuska da ledar lemo a hannu. Ta ce kamfanin bai tsira daga asarar kwantenar ba, za ta sayar wa wasu, kuma masu sayen sun ce suna da mutanensu. Ta riƙe hannun Hadiyya ta daɗe ba ta saki ba.

Yayansa Abdulwahidu ya kira daga Kano da ya ji za su dawo. Hadiyya tana jin muryarsa ta cikin wayar, cike da murna.

"Alhamdulillahi, ka dawo gida kawai. Rumfar Baba tana nan, tun rasuwarsa ba mu sami mai haɗi irinka ba. Masu saye har yau suna tambaya."

"To, Yaya," in ji Munzali. "Allah ya kawo mu lafiya."

Ya ajiye wayar ya zauna yana kallon hannayensa.

Suka raba tukwane da katifa ga sababbin ɗalibai, Husainatu ta karɓi injin ɗinki. Suka sauka Kano ana tsakiyar damina. Munzali ya je Kurmi sau ɗaya, bai kai rumfar ba ya juyo daga bakin layin 'yan turare, gumi ya jiƙe masa riga. Abdulwahidu ya kai shi wurin masu ruƙiya, ya kai shi asibiti, aka ba shi abin ɗigawa a hanci da abin shaƙa. Daga baya ya sami koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi a bayan gari, ya kama musu gida mai kicin a waje, nesa da ɗakuna.

Yana nan yana koyarwa. Ba ya zuwa biki, ba ya zuwa suna, ranar babbar salla tun asuba yake barin unguwa saboda suya. Dangi suna cewa zaman Malesiya bai karɓe shi ba, dubi yadda ya rame. In suka faɗa a gaban Hadiyya, sai ta ce haka ne, ta tambaye su ko a ƙaro musu ruwa.